Tsakanin Ji da Gani: Nazarin Amfani da Sauti Wajen Tantance Ingancin Waldar Leza

Tsakure

Wannan nazari ya duba yadda ake amfani da sauti wajen bin diddigin abin da ke gudana a lokacin da ake walda ko sarrafa ƙarfe da hasken leza. An bayyana mafarin sautin, da hanyoyin kama shi ta iska da ta jikin ƙarfe, da yadda ake tace shi har ya zama hujjar da masana'anta za ta dogara da ita. An bi sawun binciken da aka yi tun daga shekarun 1990 a Kanada da Birtaniya da Jamus da Amurka, zuwa ayyukan baya-bayan nan a Suwizalan da Faransa. Matsayin da nazarin ya tsaya a kai shi ne cewa sauti yana saurin sanar da sauyi a cikin walda, amma fassarar wannan sauyi aro ce daga wani ma'auni da ya ga abin ƙuru-ƙuru. Don haka darajar kowace na'urar sauraro tana rataye ne da ingancin shaidar da aka horar da ita a kai.

1.0 Gabatarwa

Matar da ta je sayen tukunyar ƙasa a kasuwa ba ta miƙa kuɗi sai ta ƙwanƙwasa tukunyar da bayan yatsa. In ta ji ƙara mai tsayi, tukunya lafiya lau take. In ta ji ƙarar ta dusashe, to akwai tsaga ko da ido bai gan ta ba. Haka ma gwanin walda da wutar lantarki: yakan gane cewa wuta ta yi yawa ko sanda ta yi nisa da ƙarfe daga sauyin ƙarar da yake ji, tun kafin ya ɗaga gilashin fuskarsa ya duba. Sanin ingancin abu ta hanyar saurare tsohon ilimi ne a wajen masu sana'a.

Waldar leza ta zo ta raba mai sana'a da kunnensa. Theodore Maiman ne ya kunna leza ta farko a watan Mayun 1960 a ɗakin binciken Hughes da ke Malibu, a jihar Kalifoniya ta Amurka. A 1964 Kumar Patel ya samar da leza mai aiki da iskar kabon dayoksaid a ɗakin binciken Bell, kuma a wannan shekarar aka samar da leza ta Nd:YAG a wuri guda. Daga nan hasken ya shiga masana'antu: haɗa gangar jikin motoci, haɗa sassan ƙasan jikin jiragen Airbus irin su A318 da A380, haɗa faifan ƙarfe a masana'antar ƙera jiragen ruwa ta Meyer Werft da ke Papenburg a Jamus, sai kuma a yanzu batura da injinan motoci masu aiki da lantarki. A duk waɗannan wurare aikin yana gudana ne cikin rufaffen ɗaki saboda haɗarin hasken ga ido, kuma yana tafiya da saurin mitoci da dama a minti ɗaya. Babu mutumin da zai tsaya a kai yana saurare, kuma ko da ya tsaya, abin da ke faruwa ya fi ƙarfin kunnen ɗan Adam.

Tambayar da wannan nazari ya sa a gaba ita ce: in an maye gurbin kunnen mai sana'a da na'ura, me na'urar take ji a haƙiƙa, kuma har ina za a amince da abin da ta faɗa?

2.0 Abin da ke Faruwa a Ƙarƙashin Hasken

Leza tana walda ta hanyoyi biyu, kuma bambancinsu shi ne tushen duk maganar sauti. In ƙarfin hasken a kan fatar ƙarfe bai kai wani mataki ba, sai ƙarfen ya narke daga sama, zafi ya ratsa ƙasa a hankali, a samu walda mai faɗi marar zurfi. Wannan walda ce mai natsuwa, ƙararta kaɗan ce.

In kuwa ƙarfin ya kai kimanin wat miliyan ɗaya a kan kowace murabba'in santimita, labari ya sauya. Ana iya kwatanta wannan da lissafi mai sauƙi: leza mai wat 4,000 da aka tattara haskenta a ɗigo mai faɗin milimita 0.4 tana zuba fiye da wat miliyan uku a kan murabba'in santimita. Baƙin ƙarfe yana narkewa a digiri 1,538 na ma'aunin Salshiyas, yana tafasa a kusan digiri 2,860, kuma irin wannan haske yana kai shi tafasa cikin ƙasa da ƙiftawar ido. Tururin ƙarfen da ke tashi yana danna narkakken ƙarfen ƙasa da gefe, sai wani siririn rami ya buɗe. Injiniyoyi suna kiransa da sunan da ke nufin ramin makulli saboda sifarsa. A nan za mu kira shi ramin tururi. Hasken yana shiga ramin, yana karo da bango yana komawa wani bangon, ƙarfen yana shanye wani kaso a kowane karo. Da haka ake samun walda mai zurfi siririya, wadda ba ta lanƙwasa ƙarfen da ke kewaye da ita.

Sai dai ramin tururi ba shi da bango mai ƙwari. Bangonsa ruwan ƙarfe ne. Matsin tururi yana ƙoƙarin buɗe shi, jan da fatar ruwan ƙarfen ke yi tare da nauyinsa suna ƙoƙarin rufe shi. Tsakanin waɗannan biyun ramin yake makyarkyata, yana buɗewa yana tsukewa sau ɗaruruwa zuwa dubbai a daƙiƙa ɗaya. A farkon shekarun 1990 masana a Jami'ar Fasaha ta Braunschweig da ke Jamus suka nuna da lissafi cewa ramin yana da nau'o'in kaɗawa nasa na kansa: yana faɗaɗa yana tsukewa, yana murɗewa, kuma igiyar motsi tana bin tsawonsa.

Mafi yawan lahanin waldar leza daga wannan makyarkyata yake fitowa. In ƙasan ramin ya rufta, tururi ko iskar gas yakan maƙale ya zama kumfa a cikin ƙarfe bayan ya daskare. In tururi ya fita da ƙarfi fiye da kima, sai ya watsar da narkakken ƙarfe waje, a bar rami a saman walda. Misali sananne shi ne faifan ƙarfen mota mai rufin tutiya. Tutiya tana tafasa a digiri 907, tun baƙin ƙarfe bai fara narkewa ba. In an ɗora faifai biyu ba tare da an bar ɗan tazara ta milimita 0.1 zuwa 0.2 a tsakaninsu ba, tururin tutiya ba shi da mafita sai ta cikin narkakken ƙarfe, sai ya fashe ta can. In kuma tazarar ta yi yawa, ana iya samun abin da injiniyoyin Jamus ke kira abokin ƙarya: daga sama walda ta yi kyau, amma faifan biyu ba su haɗu ba. Yawancin waɗannan abubuwa suna faruwa ne a cikin ƙarfe, inda kyamara ba ta gani.

3.0 Mafarin Sautin

Sauti motsin matsi ne da ke ratsa iska ko ruwa ko abu mai ƙwari. Ana auna shi da yawan kaɗawa a daƙiƙa, wato haz. Kunnen matashi mai lafiya yana ji daga haz 20 zuwa haz 20,000. Waldar leza tana fitar da sauti a cikin wannan zango da kuma can sama da shi, har zuwa haz miliyan ɗaya, kuma mafarinsa ba ɗaya ba ne.

Na farko shi ne tururin da ke fita daga bakin rami. Duk lokacin da yawan tururin ya ƙaru ko ya ragu, yana tura iskar da ke kewaye ko ya janye, kuma wannan turi da janyewa shi ne ƙarar da ake ji. Akwai wani batu muhimmi a nan. Tururin da ke fita daidai wa daida, ba ƙari ba ragi, ƙararsa kaɗan ce. Sauyin yawansa ne ke haifar da sauti. Dave Farson da abokan aikinsa a Jami'ar Jihar Ohio sun nuna a ƙarshen shekarun 1990 cewa sautin da makirfo ke kamawa yana bin saurin sauyawar hasken da tururin ke fitarwa. Ma'ana, makirfo yana ba da labarin yadda ramin ke sauyawa ne, ba yadda yake a tsaye ba.

Na biyu shi ne ramin kansa, wanda ke aiki kamar bututun sarewa. A sarewa, gwargwadon tsawon bututu gwargwadon kaurin murya. Wannan ne ya sa aka yi fatan a gane zurfin walda daga muryarta. Amma sarewa da bangonta ruwa ne, tsawonta na sauyawa kowane ɗan lokaci, iskar cikinta kuma tururi ne mai zafin dubban digiri, ba za ta riƙe murya ɗaya ba.

Na uku shi ne jikin ƙarfen. Zafi yana kumbura shi farat ɗaya, sanyi yana tsuke shi, tsarin ƙwayoyinsa yana sauyawa, wani lokaci ya tsage. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana sakin wata 'yar girgiza da ke ratsa ƙarfen. Joseph Kaiser ne ya aza harsashin nazarin irin wannan girgiza a kundin digirinsa na uku a Munik a 1950, inda ya saurari ƙarafa yayin da ake jan su har su tsinke.

Duk waɗannan muryoyi suna tashi a lokaci guda, suna cakuɗuwa. Abin da na'ura ke karɓa jimillarsu ce, tare da duk wata hayaniyar da ke cikin ɗakin.

4.0 Na'urorin Sauraro

4.1 Makirfo

Hanya mafi arha ita ce a kafa makirfo kusa da kan leza. Ba ya taɓa ƙarfen, ba ya bukatar a sauya komai a na'urar walda, kuma yana tafiya tare da hasken duk inda ya nufa. Jinkirinsa ma kaɗan ne. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa cikin iska, don haka makirfo da ke nesa da santimita 30 zai ji abu bayan ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. In ana walda da saurin mita 6 a minti, hasken bai matsa ko kashi ɗaya cikin goma na milimita ba a wannan lokaci.

Matsalarsa ita ce hayaniya. A gaban gilashin leza ana hura iska mai matsi a gicciye don ta kore tartsatsi da hayaƙi, kuma wannan iska tana ƙara mai ƙarfi a daidai zangon da walda ke magana. Ga iskar gas da ke kare walda daga tsatsa, ga injin zuƙe hayaƙi, ga motsin mutum-mutumin da ke riƙe da kan leza. Bugu da ƙari, matsin sauti yana raguwa da rabi duk lokacin da tazara ta ninka, kuma kusurwar da makirfo ke fuskanta tana sauya abin da yake ji. Ɗan gyara kaɗan a mazauninsa ya isa ya sauya sakamako.

4.2 Na'urar da ake liƙawa a jikin ƙarfe

Hanya ta biyu tana amfani da abin da 'yan'uwa biyu, Jacques da Pierre Curie, suka gano a 1880: wasu duwatsu masu ƙyalli suna fitar da lantarki in an matsa su. Ana yin 'yar na'ura da irin wannan sinadari, a liƙa ta a jikin ƙarfen ko a jikin abin da ya riƙe shi, da ɗan maiƙo a tsakani don kada iska ta raba su. Tana jin girgiza daga kimanin haz 100,000 zuwa miliyan ɗaya, nesa da hayaniyar masana'anta. Sauti yana gudun kusan mita 5,900 a daƙiƙa cikin baƙin ƙarfe, fiye da sau 17 na gudunsa a iska. Kafin a fara aiki akan gwada ta ta hanyar karya bakin fensir mai kaurin milimita 0.5 a kan ƙarfen, gwajin da aka san shi da sunan Hsu da Nielsen, domin karyewar tana ba da girgiza kusan iri ɗaya kowane lokaci.

Babban amfaninta shi ne tana jin tsagewa, har da wadda ke faruwa bayan an kashe leza, lokacin da ƙarfe ke hucewa. Amma dole ta taɓa abin da ake aiki a kai, kuma a layin da ke fitar da dubban kaya a yini ba a iya liƙawa da cirewa a kowane ɗaya. Girgizar kuma tana karo da gefunan ƙarfen tana dawowa, don haka sifar kayan tana shiga cikin abin da ake ji. Lahani iri ɗaya a farkon walda da ƙarshenta yana iya ba da sauti daban, don kawai tazararsa da na'urar ta sauya.

4.3 Makirfo mai aiki da haske

A cikin shekarun 2010 kamfanin XARION da ke Biyana, babban birnin Ostiriya, ya fitar da makirfo marar fatar kaɗawa. A cikinsa akwai ƙananan madubai biyu masu fuskantar juna, da ɗan hasken leza yana kai da kawowa a tsakaninsu. Sauti in ya ratsa iskar da ke tsakanin maduban yana sauya kaurinta, wannan kuma yana sauya tafiyar hasken, sai a auna. Da yake babu abin da ke motsi, yana ji har zuwa kusan haz miliyan ɗaya ta iska, ba tare da taɓa ƙarfe ba. Hayaniyar masana'anta galibi tana ƙasa da haz 100,000, don haka ana iya zubar da wannan zango gaba ɗaya a saurari na sama. Farashin da ake biya shi ne kusanci: iska tana shanye sauti mai yawan kaɗawa da sauri, fiye da desibel 100 a mita ɗaya in an kai haz miliyan, don haka sai an kawo shi 'yan santimitoci daga wurin da tartsatsi ke tashi.

5.0 Daga Hayaniya Zuwa Hujja

Abin da na'ura ke bayarwa jerin lambobi ne masu hawa da sauka. Ƙa'idar Nyquist ta ce sai an ɗauki awo aƙalla sau biyu a kowace kaɗawa, don haka sauraron haz miliyan ɗaya yana bukatar awo miliyan biyu a daƙiƙa. In kowane awo ya ci bayit biyu, aikin awa takwas zai tara fiye da gigabayit 115 daga na'ura ɗaya. Dole a taƙaita.

Taƙaitawa mafi sauƙi ita ce auna ƙarfin ƙarar kawai. Wannan ya isa a gane lokacin da ramin tururi ya buɗe, domin ƙarar tana tashi sama farat ɗaya. Mataki na gaba shi ne a rarraba sautin zuwa muryoyin da suka haɗu suka yi shi, da lissafin da ya samo asali daga aikin Joseph Fourier na 1822, wanda James Cooley da John Tukey suka sauƙaƙa wa kwamfuta a 1965. Da wannan hanya Walter Duley da Hongping Gu na Jami'ar Waterloo a Kanada suka nuna a 1996 cewa rabon ƙarfin sauti a zanguna daban-daban yana bambanta tsakanin waldar da ta huda faifai gaba ɗaya, da wadda ta tsaya a tsakiya, da wadda zafi ya yi mata yawa. Dalilin a fili yake: ramin da ya huda ƙasa yana da baki biyu, tururi yana fita ta sama da ƙasa. A Birtaniya kuwa William Steen da abokan aikinsa sun bi wata dabara, suka liƙa na'urar jin girgiza a bayan madubin da ke juya hasken leza. Hasken da ke dawowa daga walda yana ɗan dumama madubin, yana girgiza shi. A zahiri haske suke aunawa, amma ta hanyar sauti. Daga baya, wajen 2009, Wei Huang da Radovan Kovacevic a Jami'ar Southern Methodist da ke Dalas suka fuskanci matsalar hayaniya kai tsaye: su ɗauki ƙarar ɗakin ba tare da walda ba, su cire ta daga ƙarar lokacin walda, sannan su ƙiyasta zurfi daga abin da ya rage.

Akwai wani abin lura game da tsofaffin binciken nan. Yawancinsu an yi su ne da lezar kabon dayoksaid, mai tsawon zangon haske na maikuromita 10.6. Irin wannan haske tururin ƙarfe yana shanye shi sosai har ya zama filasma, wato tururi mai cajin lantarki, mai ƙara. Lezar zare da lezar faifai da suka mamaye masana'antu a yau zangonsu kusan maikuromita ɗaya ne, tururi ba ya shanye su haka. Mai maganar ya sauya, don haka ƙa'idojin da aka fitar a wancan zamani ba a ɗaukar su kai tsaye a ɗora a kan na'urorin yau.

6.0 Yadda Gani ya Koyar da Ji

Hausawa sun ce gani ya kori ji. A wannan fage karin maganar ta samu gyara: gani ne ya zama malamin ji. Tsawon shekaru, hanyar da ake tabbatar da abin da sauti ya faɗa ita ce a yanka waldar bayan ta huce, a goge, a duba a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Wannan yana nuna cewa akwai kumfa a wuri kaza, amma ba ya nuna daƙiƙar da ta samu, balle a haɗa ta da wani sauti na musamman.

Abin da ya buɗe ƙofa shi ne manyan cibiyoyin sinkurotoron, masu samar da hasken eksire mai tsananin ƙarfi da ke iya ɗaukar hoton cikin ƙarfe sau dubun dubata a daƙiƙa. Sergey Shevchik da Kilian Wasmer na cibiyar nazarin kayan ƙira ta Empa a Suwizalan sun kai na'urar waldarsu cibiyar ESRF da ke Giranobul a Faransa, suka riƙa ɗaukar hoton eksire da sauti da hasken da ke dawowa a lokaci guda. Da hoton suka san ainihin lokacin da walda take marar rami, da lokacin da ramin ya natsu, da lokacin da ya rikice, da lokacin da kumfa ta samu ko ƙarfe ya fantsama. Da wannan suka yi wa kowane guntun sauti laƙabi, suka horar da manhajar ƙirƙirarriyar basira ta riƙa rarrabewa. An buga aikin a mujallar Scientific Reports a 2020. Tun a 2018 wannan rukuni ya gwada irin haka a fasahar gina kaya daga garin ƙarfe, inda leza ke narkar da garin shimfiɗa bayan shimfiɗa, suka yi amfani da zaren gilashi a matsayin kunne.

A Amurka, a cibiyar Argonne da ke kusa da Chikago, Cang Zhao da abokan aikinsa sun buga wani sakamako a mujallar Science a 2020 da ya ƙara wa batun armashi. Sun ga cewa in ƙasan ramin tururi ya rufta, yakan saki igiyar sauti a cikin narkakken ƙarfe, kuma wannan igiyar ce ke tunkuɗa kumfar nesa da ramin har daskarewa ta kama ta. Ashe sauti yana da hannu a cikin samuwar lahanin da ake son ya tona. Wannan ya ba masu sauraro hujja ta kimiyya cewa akwai alaƙa ta asali tsakanin abin da suke ji da abin da suke nema. Masana a cibiyar Lawrence Livermore da ke Kalifoniya su ma sun haɗa rikodin makirfo da hoton eksire don gano wuraren da kumfa ta samu a layukan da leza ta narkar.

7.0 Iyakokin Shaidar Sauti

Duk da wannan ci gaba, akwai dalilai uku da suka sa har yanzu sauti bai zama alƙali shi kaɗai a masana'anta ba.

Na farko, abin da manhaja ta koya a wuri ɗaya ba lalle ya yi aiki a wani ba. A sinkurotoron ana amfani da 'yan ƙananan guntayen ƙarfe sirara domin eksire ya ratsa su. Ƙofar mota ko akwatin batir ba haka suke amsa sauti ba. Sauya kaurin faifai, ko nau'in ƙarfe, ko abin da ke riƙe kayan, ko mazaunin makirfo, duk yana sauya muryar. Akwai kuma wani tarko a tsarin gwaji. Mai bincike yakan samar da walda marar kyau ne ta hanyar sauya ƙarfin leza ko saurinta da gangan. Manhaja tana iya koyon bambance ƙarar wat 3,000 da ta wat 4,000, a zaci ta koyi gane lahani. A masana'anta kuwa lahani yana zuwa ne alhali an saita komai daidai: ɗigon mai a kan faifai, gilashi ya yi datti, tazara ta ɗan kauce.

Na biyu lissafi ne. A ƙaddara masana'anta tana walda 100,000, ɗaya cikin dubu ce marar kyau, wato 100. A ƙaddara kuma na'ura tana faɗin daidai sau 99 cikin ɗari. Za ta kama 99 daga cikin marasa kyau, ta saki ɗaya. Amma daga cikin masu kyau 99,900 za ta yi wa 999 ƙazafi. Ke nan cikin kowace ƙararrawa goma sha ɗaya, kusan goma na banza ne. Ma'aikacin da ƙararrawa ta yaudare shi sau goma ba zai tashi a na goma sha ɗaya ba. Adadin da ke burge mai karanta mujallar kimiyya yana iya zama bai wadatar da shugaban layin ƙira ba.

Na uku, ma'aunin inganci ba ya magana da harshen sauti. Ƙa'idar ISO 13919, wadda ta shafi waldar leza, ta kasa inganci mataki uku, B da C da D, bisa girman kumfa da zurfin huda da sauran abubuwan da ake aunawa da milimita. Sauti ba ya bayar da milimita sai ta hanyar ƙiyasi. A nan wata fasaha ta sha gabansa: ana aika wani siririn haske na biyu cikin ramin tururi, ya dawo daga ƙasansa, a lissafa zurfin kai tsaye. Kamfanin Precitec na Jamus yana sayar da irin wannan na'ura, haka ma Laser Depth Dynamics da ya tsiro daga Jami'ar Queen's a Kanada, wanda IPG Photonics ya saya a 2017. Amma ita ma tana ganin zurfin rami ne kawai. Ba ta jin tsagewar da ke faruwa a baya, inda ƙarfe ke daskarewa. Shi ya sa bincike ya karkata zuwa haɗa na'urori: haske ya faɗi zurfi, kyamara ta faɗi sifar sama, sauti ya faɗi rikicewar ciki.

8.0 Sauran Ayyukan Leza

Inda tambayar take da amsa ɗaya, i ko a'a, sauti ya fi samun nasara. A yankan ƙarfe, ƙara tana sauyawa a daidai lokacin da haske ya huda faifai ya fita ta ƙasa. A goge tsatsa ko fenti da leza, ƙarar kowane bugu tana raguwa yayin da dattin ya ƙare aka iso ga tsabtataccen ƙarfe, sai a san lokacin tsayawa. A fasahar ƙarfafa fatar ƙarfe da bugun leza, wadda aka fara bincikenta a cibiyar Battelle da ke Kolombus a shekarun 1970 kuma ake amfani da ita a fukafukan injin jirgin sama, ana rufe ƙarfen da ruwa domin ya tsare matsin fashewar. In ruwan bai rufe da kyau ba, bugun yakan yi rauni, kuma ƙararsa tana nuna haka. A waɗannan ayyuka abin da ake saurare da abin da ake son sani kusan abu ɗaya ne, saɓanin walda inda matakai da yawa suka shiga tsakaninsu.

9.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa sautin waldar leza yana ɗauke da labari na gaskiya game da ramin tururi, kuma binciken eksire ya tabbatar da cewa alaƙar tana da tushe a kimiyyance. Ya kuma nuna cewa labarin na sauyi ne, ba na awo ba, kuma yana zuwa a cakuɗe da muryar ɗaki da sifar kaya da nau'in leza. Daga nan abubuwa uku suka fito ga mai son amfani da fasahar. Ya horar da na'ura da lahanin da ya faru da kansa a kan layin ƙira, ba wanda aka ƙirƙira ta sauya saiti kaɗai ba. Ya auna ta da yawan ƙararrawar banza da take yi a yini, ba da kashi cikin ɗari na gwajin ɗakin bincike ba. Ya kuma ci gaba da yanka samfuri yana dubawa, domin duk ranar da aka sauya faifai ko mariƙi, sai an sake koya wa kunnen.

Matar da ke ƙwanƙwasa tukunya ba da wannan sani aka haife ta ba. Ta taɓa sayen wadda ta yi yoyo, ta tuna ƙararta, ta kwatanta da ta gaba. Kuma in aka miƙa mata tukunyar wani gari, mai wani yumɓu da wata gasawa, sai ta sake koyo. Na'urar da ke sauraron leza tana kan wannan matsayi: gwargwadon fasassun tukwanen da aka nuna mata, gwargwadon amincin kunnenta.